Hannun da Ban Ɗora Ba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, kowa a unguwarmu ya san haka ake yi. Tun da aka yaye ni aka kai ni wajen kakata, can na girma, gida uku ne tsakaninmu da nasa. Idan muka haɗu a zaure sai in durƙusa in gaishe shi, shi kuma ya amsa wa bango. Idan yana son ya san ko na ci jarrabawa, ƙanina zai tambaya, alhali ina tsaye a wurin. Ƙannena har gemunsa suna ja. Ni kuwa abin da na fi sani a jikinsa ƙafafunsa ne, don su nake kallo.

Sau ɗaya a shekara muke matsawa kusa da juna, ranar Babbar Sallah. Asalin gidanmu mahauta ne. Shi ya bar fawa ya koma sayar da kayan injin niƙa, amma wuƙa ba ta bar hannunsa ba. Idan aka yanka rago ni ke riƙe ƙafa yana fiɗa. In ya zo kan hanta sai ya sassauta, ya ɗago ta a tafin hannu, ya nuna wa ƙannena 'yar jakar nan koriya da ke manne a ƙarƙashinta.

"Kun ga maɗaciya," yakan ce. "Lallaɓa ta ake yi. In ta fashe, naman duk ya ɓaci."

Su yake gaya wa, amma ta wajena yake karkato hannun don in gani. Daga nan sai ya tsame ta da bakin wuƙa, a haƙa ɗan rami a binne.

Da na sami gurbin karatun likita a Guangzhou, garin ba baƙo ba ne a gidanmu. Baba ya riga ni saninsa da shekaru, sau biyu a shekara yake zuwa sayen kaya. Yakan sauka a wani ƙaramin otal a unguwar Dengfeng, ni kuma makarantarmu tana can unguwar Panyu, tafiyar kusan awa guda a jirgin ƙasa. Ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai amininsa, wani Alhaji mutumin Maraɗi, dogo mai yawan barkwanci, tare suke hawa jirgi tare suke sauka. Shi ne gadar da ke tsakaninmu. In na je gaishe su, Baba zai dubi Alhaji ya ce, "Tambayi mutumin naka ko ya ci abinci." Alhaji ya juyo da fuska a ɗaure kamar gaske, ya kira ni likita da Hausarsu ta Maraɗi, ya ce, "Lokotoro, an ce a tambaye ka ko ka ci abinci." In ce na ci. Ya juya ya kai rahoto. Haka muke hira mu uku, kuma wallahi ina jin daɗinta.

A shekarata ta huɗu aka sa mana darasin tarihin magani. Yawancin 'yan ajinmu barci suke yi a ciki. Ni kuwa ya shiga raina fiye da kima, har na fara jin kaina wani abu. Malamarmu tsohuwa ce 'yar ƙarama, kullum da gorar shayinta, tana magana a hankali ba ta damu ko ana ji ba. Ita ta riƙa kawo mana kwafin tsoffin rubuce-rubucen likitocin ƙasarsu, na mutanen da ba su da na'urar hoton ciki, ba su da komai sai ido da hanci da yatsu uku a kan jijiya.

Makon da muka yi maɗaciya ban manta da shi ba. Mutanen nan na da can sun ɗauke ta a matsayin alƙalin jiki, wai daga gare ta yanke shawara ke fitowa, kuma wanda tasa ta raunana sai ya zama mai ɗari-ɗari. Wannan na yi dariyarsa. Amma da aka zo kan siffanta mai ciwon, dariya ta ɗauke. Sun rubuta cewa bakinsa yakan yi ɗaci, yana yawan ajiyar zuciya, yana jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, sanyi da zafi suna karɓa-karɓa a jikinsa, daga baya ido da fata su rine su yi rawaya. Har sun lura cewa yakan zauna a tsorace kamar mai jiran a zo a kama shi. Likitocin Girka da na Larabawa su ma sun yi nasu bayanin, suka ɗora laifin a kan ruwan ɗacin da malaman ɗibbu na gida ke kira safra'u. Kowa ya ga ciwon, kowa ya siffanta shi da kyau. Abin da ba su iya ba shi ne su buɗe ciki su cire ta mutum ya tashi.

Rannan malamar ta nuna mana hoton gawar wata mata mai sarauta da aka tono bayan shekara wajen dubu biyu, jikinta bai ruɓe ba. Da likitocin zamani suka duba ta, suka tarar da tsakuwa ta toshe mata hanyar da ruwan ɗacin ke bi. A cikinta kuma ga 'ya'yan kankana irin tasu, ta sha ke nan ba da jimawa ba ajali ya zo. Malamar ta kurɓi shayinta ta ce, matar nan tana da likitoci da littattafai da duk ganyen da ake ji da shi, abin da ta rasa hannu ne da wuƙa. Na rubuta wannan magana a littafina, har na ja mata layi.

Bayan kamar mako uku Alhaji ya kira ni ya ce sun sauka. Lokacin zafi ne, irin zafin Guangzhou mai danshi da ke manna wa mutum riga a baya. Na same su da azahar a gidan abincin wata 'yar Ghana da suka saba zuwa. An kawo tuwon shinkafa da miya mai yawan man ja da naman rago. Baba, wanda ban taɓa ganin ya bar nama a kwano ba, ya yi loma biyu ya ture. Ya jingina da bango ya sauke ajiyar zuciya. Jim kaɗan ya sake sauke wata.

"Tun cikin jirgi haka yake," in ji Alhaji. "In ya ci maiƙo sai ya kama gefe. Ni na ce tsufa ne, shi ya ce ya girme ni da wata biyu kacal."

"Gaya wa mutumin naka ba komai ba ne," Baba ya ce. "Ruwan garin ne bai karɓe ni ba."

Ba na kallon fuskar mahaifina, don haka ban ga idonsa a wurin cin abinci ba. A lif ɗin otal na gani. Bangon lif ɗin madubi ne, muna tsaye mu uku kowa ya kalli gabansa, sai idona ya faɗa kan nasa ta cikin madubin. Farin idon ya koma rawaya, ba sosai ba, amma ba abin da za a yi musu a kai ba ne. Na yi saurin mayar da idona kan takalmansa.

Na san abin da ya kamata a yi, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. An koya mana, mun yi wa juna a aji, mun yi wa marasa lafiya a asibiti. Ka kwantar da mutum, ka ɗora yatsunka a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ka ce ya ja numfashi. In maɗaciya ta kumbura, numfashin zai katse a tsakiya don zafi. Minti ɗaya ya isa. Daga nan kuma ba sauran magana, sai mota, sai asibiti, sai hoton ciki.

Washegari da la'asar na koma. Alhaji ya buɗe mini ƙofa, ya ce zai sauka ƙasa ya ga wani lawban, wato mai shagon da suke sayen kaya a wurinsa, yanzu zai dawo. Ban taɓa zama ɗaki ɗaya da Baba mu biyu kaɗai ba. Yana zaune a bakin gado, ya tuɓe riga, daga shi sai singileti da wando. Wannan ma ban taɓa gani ba, mutumin da ko a tsakar gidansa ba ya zama ba riga in ina nan. Na ce a raina zafi ne ya ishe shi. Na durƙusa kusa da ƙofa na gaishe shi, na kafa idona a kan dardumar ɗakin. Ja ce mai zanen furanni, akwai ƙunar sigari a gefe ɗaya. Har yau zan iya zana ta.

Na'urar sanyaya ɗaki tana ta ƙugi. Na rasa ta inda zan fara, don ban san yadda ɗan fari ke ce wa ubansa kwanta in taɓa ka ba. Sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka dabara ce mai kyau. Na zaro kwafin takardun malamarmu daga jaka, na ce wa dardumar, "Akwai wani abu da muka karanta a makaranta. Likitocin mutanen nan na da sun ba da labarin wani irin ciwo."

Na ci gaba, ina juya masa bayanin da Hausa. Ɗacin baki, ajiyar zuciya, ciwo a gefen dama, sanyi da zafi.

Can sai ya ce wa taga, "Shi wannan mutumin na cikin takardar, ciwon yana hawa masa har kafaɗa?"

"Yana hawa," na ce. "Kafaɗar dama, ta baya."

"Fitsarinsa fa?"

"Yakan yi duhu, kamar shayin da ba madara."

"To lallai sun san shi," ya ce.

Na ji wani irin daɗi da ban taɓa ji ba. Shekara ashirin da biyar, yau ga ni ga mahaifina muna magana ba ɗan aike. Mun samu wani mutum na uku, wanda ya mutu tun shekara dubu biyu, mun zaunar da shi a tsakaninmu, kowa yana faɗin abin da ke ransa ta bakinsa. Ya tambaye ni ko mutumin yana iya barci. Na ce da ƙyar. Ya ce, "Allah sarki." Ya tambaya ko yana da 'ya'ya. Na ce takardar ba ta faɗa ba. Ya ɗan yi dariya, dariyar ta katse, na ji gadon ya motsa. Ban ɗago ba.

Sai ya yi tambayar da ta kashe shi, ni kuma na ba shi amsa.

"Me suka ba shi?"

Da ina da hankali da na ce ba su da abin ba shi, ya mutu, kamar yadda matar nan mai sarauta ta mutu. Amma ni ɗalibi ne mai ji da kansa, an yi mini tambaya a kan abin da na haddace. Na ce sukan dafa masa wani ganye, ɗan'uwan tazargade ne, a haɗa da wasu saiwoyi biyu, ya sha, rawayar ta fita ta fitsari.

"Tazargade," ya ce, muryarsa ta saki. "Ashe abin na gida ne. Ba su yanka shi ba ke nan."

"A lokacin ba a yanka," na ce. "Amma yanzu..."

Daidai nan Alhaji ya turo ƙofa yana faɗan lawban ɗin da ya ce masa meyo, babu, bayan ya sa shi jira. Baba ya jawo rigarsa ya saka. Maganar ta koma hannun ɗan aike.

Ba zan ce ban yi komai ba. A bakin lif na ce wa Alhaji ya kamata a je asibiti a yi hoton ciki, mai yiwuwa aiki za a yi. Ya koma ya faɗa, ya dawo da amsa. Wai kwana huɗu suka rage su tashi, kaya sun kusa haɗuwa, in an koma gida za a ga likita a tsanake. Wai kuma shi mahauci ne ɗan mahauci, ba zai kwanta wanda bai san harshensa ba ya ɗora masa wuƙa. Sannan an ce in rubuta sunan ganyen nan da rubutun mutanen garin. Na tsaya da biro a hannu. Na san bai kamata ba. Amma wannan ne abu na farko da mahaifina ya taɓa nema a wurina, sai na rubuta, har ina gyara zanen haruffan don su yi kyau.

Suka sayo a wani shagon magani mai ɗaruruwan 'yan akwatuna a bango. Mai shagon ma, in ji Alhaji, da ya dubi idon Baba sai da ya nuna musu hanyar asibiti da hannu. Suka ce masa sheshe, an gode, suka fito. Baba ya riƙa dafawa a butar shayin otal yana sha. Kwana biyu ya ce ya ji sauƙi, kuma mai yiwuwa ya ji, ciwon yakan lafa ya dawo. Ni ma na kama wannan sauƙin na riƙe, don shi nake son ji.

Na raka su filin jirgin sama na Baiyun da safe. Yana tafiya a ɗan karkace, ya dafe gefensa da gwiwar hannu yadda ba za a lura ba. A inda masu rakiya ke tsayawa na durƙusa. Ya ce wa Alhaji, "Gaya masa ya riƙe karatun nan, akwai amfani." Wannan karon Alhaji bai maimaita ba, kuma bai yi barkwanci ba.

Kwana tara da saukarsu Kano ƙanina ya kira ni ina ɗakin karatu. Baba bai je asibiti ba sai da zazzaɓi ya kayar da shi, yana ta cewa yana da magani, ɗalibin nan ya rubuta masa. Da aka kai shi, likitocin suka ce tsakuwa ce ta toshe hanya, maɗaciyar ta ruɓe ta fashe a ciki. Sun yi aikin, amma an makara. Kafin in sami jirgi an yi jana'iza, har an yi sadakar uku. Ƙasa kawai na tarar. Ba wanda ya zarge ni. Mahaifiyata ma cewa ta yi ya yi ta alfahari da takardar, yana nuna wa abokansa a kasuwa rubutun da ɗansa ya iya. Na so a ce wani ya zage ni.

Na koma Guangzhou na ƙarasa karatu, amma garin ya canza mini. Ɗacin ganyen nan yana ko'ina. Mutanen garin suna da shagunan da ake sayar da shayin magani mai ɗaci a bakin titi, in na wuce warin ya bugi hancina sai in ji miyau ya taru a bakina. Na daina shiga lif mai madubi, gara in hau bene da ƙafa. A jirgin ƙasa in wani tsoho ya sauke ajiyar zuciya a bayana, sai na waiwaya. Takardun malamar ban ƙona su ba, ban kuma sake buɗewa ba. Na daɗe ina jin haushin mutanen da suka rubuta su, daga baya na ga ba su da laifi. Sun faɗi iyakar abin da suka gani, kuma su sun taɓa marasa lafiyarsu.

Bayan wata bakwai Alhaji ya dawo sayen kaya shi kaɗai. Ya rame, barkwancin ya ragu. Muka zauna a gidan abincin 'yar Ghanar nan, aka kawo mana tuwo, ba wanda ya ci na kirki. Ya yi ta juya cokali a kofi, sannan ya ce, "Lokotoro, akwai abin da ni ke son tambayarka, in ba ka so kada ka amsa. Ran da na bar ku ku biyu a ɗaki, mi ka gani da ka duba shi?"

Na ce ban duba shi ba.

Ya ajiye cokalin. "Ba ka duba shi ba?"

"Karatu na yi masa."

Ya ce, "Ni ba ni da wani lawban da zan gani rannan. Shi ya ce in fita. Tun safe yake shiri. Ya ce yaron nan kunya gare shi, ba zai iya cewa in tuɓe ba, bari in tuɓe kafin ya zo, in ya shigo ya gan ni haka zai gane. Sanyi yake ji, jikinshi na rawa, na ce ya rufa da bargo, ya ƙi. Kusan awa guda yana zaune haka yana jiranka." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Da na dawo na ga ya sa riga, na ɗauka an gama. Shi kuma bai ce mini komai ba."

Ban san abin da na ce masa ba. Na tuna dai na fito na tsaya a bakin titin Dengfeng, masu tura kwalaye suna ta kauce mini, ina lissafin taku nawa ne daga ƙofar ɗakin nan zuwa bakin gadon. Ba su wuce uku ba.

Yanzu ina aiki a wani asibiti a gida, kuma maɗaciya tana cikin abin da na fi cirewa. Abokan aikina suna tsokanata wai jinin fawa ne, hannuna ba ya rawa a kan hanta. Ina barinsu su yi dariya. Tsofaffi suna zuwa da 'ya'yansu, wani lokaci in ga babban ɗan ya tsaya can bakin ƙofa yana kallon ƙasa, in gane ko wane ne shi ba sai an gaya mini ba. Nakan kira shi in ce ya matso ya riƙe wa babansa riga. Wasu suna matsowa, wasu ba sa iyawa.

Sannan in ɗora yatsuna a ƙarƙashin haƙarƙarin dama in ce, "Baba, ja numfashi." Duk tsoho haka ake ce masa, ba wanda ya taɓa lura da komai. Ni kaɗai na san wanda nake gaya wa, kuma kullum sai na ɗan jira fiye da yadda aikin ke buƙata kafin in ɗauke hannuna.